Shekarar da Na Yi wa Magaryar Baba Aure

Kun tashi kuna jin labarin nan a bakin kowa ban da nawa. Wasunku an gaya musu na sare magaryar bayan gidanmu ne don in ƙuntata wa Yaya Tabawa, wasu kuma har yau sun yarda cewa a shekarar na tafi Gidan Rumji ɗauko amarya aka koro ni. Tunda Allah ya ja kwanana, kuma aji ukun da na yi a lakol, makarantar boko, kafin mushe malaminmu ya gaji da ni sun bar mini ɗan abin da zan ja biro da shi, bari ku ji daga gare ni. Ba zan wanke kaina ba. Laifina yana ciki, har ya fi wanda aka gaya muku, sai dai ba shi ne wanda ake faɗa ba.

Magaryar tana bayan ɗakin Yaya, tsakanin rumbu da danga. Baba ya tarar da ita 'yar ƙarama lokacin da ya kafa gidan nan a garinmu, gabas da Gazawa kaɗan, ya hana a taɓa ta. Dukkanmu mun ci 'ya'yanta, ƙayarta kuma ta ci mu. Amma ganyenta ne ya sa gari ya san ta. Yaya Tabawa, wadda ta girme ni da shekara tara, ta dawo gida bayan rasuwar mijinta, ita ce ta zama mai wankan gawar mata a garin. Kun san ana sa ganyen magarya a ruwan wankan mamaci. To, fiye da shekara talatin, duk macen da ta rasu a garin nan da ganyen iccen nan Yaya ta wanke ta, har Inna da ta haife mu. Kuma ta sha faɗa a gaban kowa cewa ita ma da shi za a wanke ta, ba da na daji ba, wanda ba ta san wa ya tsuguna a gindinsa ba.

Sai iccen ya kama ciwo. Kauci ya fara maƙale masa a sama, gara ta shigo ta ƙasa. Damina biyu a jere gefen yamma bai fitar da ko ganye ɗaya ba, in ka ƙwanƙwasa gindin sai ya amsa maka kamar ganga. Kuma gefen da ya mutun shi ne ya sunkuya kan ɗakin Yaya, daidai inda take ajiye kanta. Wata iska ta ƙarshen damina ta karyo reshe ɗaya, ya huda rufin ya tsaya tsaye kusa da randarta. Na shiga na tarar tana kallonsa tana shan kunu.

"Yaya, iccen nan zai kashe ki."

"To sai me? Ga ganyen nan kusa, ba a wahalar da kowa ba."

"Wane ganye? Nawa ya rage a kansa?"

"Ya ishe ni, ni ba ƙatuwa ba ce. Illo, ka kusanci iccen nan da gatari, ni da kai sai a gaban Baba."

Innarku Habsu ta ce in bar tsohuwa da iccenta, in ja gadonta can gefe kawai. Na ja. Kafin in dawo daga masallaci ta mayar da shi inda yake, ita kaɗai, mace mai shekara saba'in da 'yan kai.

Haka muka zauna har rani, lokacin da taubashina Mamman ya zo. Ɗan Gwaggo ne, ƙanwar Baba da aka aurar Gidan Rumji, yana da garka a fadamar can, kuma tun muna yara ba mu taɓa gaisawa ba tare da zagi ba. Muna zaune a ƙofar gida ya zaro wani abu daga aljihu ya jefo mini. Kore-kore ne mai santsi, girman ƙwan zabo. Na gatsa, ruwa ya bi mini gemu.

"Mene ne wannan?"

"Magarya ce, bawana."

"Ƙaryarka ta sha ƙarya. Na san magarya tun ba ka san wando ba."

"Ka san ta gwauruwa. Wagga mai aure ce."

Sai ya yi mini bayani. Akwai wata magarya baƙuwa mai manyan 'ya'ya, ba ta jure ƙasarmu da saiwarta, sai a yanko ɗan reshenta a haɗa da tohon tamu a ɗaure, su manne su zama icce ɗaya. Shi ne auren, irin wanda ake yi wa mangwaro. Na ja shi bayan gida da gudu. Ya zaga iccen, ya sa farce ya kankare ɓawon ta gefen gabas can ƙasa, sai ga kore shar.

"Wanga icce bai mutu ba," ya ce, "mai gidan ne ya mutu. Saiwa na da rai. Sare shi daidai gwiwa in bazara ta shigo, shi yi toho, sa'annan ka taho in ba ka ɗiyar da za ka ɗaura mishi."

Kwana da kwanaki ina yawo da ƙwallon abin nan a aljihu, ina fito da shi ina nuna wa mutane a kasuwa. Na gaya wa kaina don kan Yaya zan yi, kada icce ya fasa shi. Gaskiya ne, amma rabin gaskiya. Ɗayan rabin kuwa, na riga na hango kaina zaune a gindin icce da kwando, mutanen gari suna layi suna cewa Illo ne ya fara kawo ta. A ɓoye na karɓo izinin mutanen gandun daji, na wasa gatari na tura shi ƙarƙashin rumbu, na zauna jiran rana.

Ranar ta zo cikin tsakiyar zafi. Jikar Yaya ta haihu a Agiye, aka zo da mota aka ɗauke ta zuwa suna, kwana uku. Ƙurar motar ba ta kwanta ba na kira maƙwabta biyu da igiya. Muka ɗaure babban reshen muka ja shi nesa da ɗakin, na shiga sara. Ai ko sara goma ban yi ba gatarin ya faɗa rami, gara ta zubo kamar an kwance buhu, ƙadangaru suka watse ta tsakanin ƙafafunmu. Da iccen ya yi wata ƙara ya kwanta a kan danga, ban san lokacin da na jefar da hula na shiga rawa ba. Na nuna wa maƙwabta ramin, na ce ku zo ku gani, a ƙarƙashin wannan 'yar'uwata take kwana! Ina cikin wannan bajinta, ina sa kai cikin kogon ina fitarwa, sai na ji muryar innarku a bayana.

"Malam, ka dai tsinkar mata ganyen ko?"

Na juya. Awakin gidan nan shida suna kan rassan. Ɗan ganyen da zafi ya bari, wanda Yaya ta ce ya ishe ta, sun share shi tas, wata ma ta ɗora ƙafa kan kututturen tana neman ƙari. Wannan shi ne laifina na gaske, ku rubuta shi. Wata uku ina shirya yadda zan kayar da icce, ban yi tunanin ƙoƙo ɗaya ba.

Yaya ta dawo da yamma, da kayan suna a ka. Ba ta shiga ɗaki ba, hasken da ta gani a bayan gidan ne ya ja ta. Ta tsaya gaban kututturen ta daɗe. Na tanadi jawabi mai tsawo, da kogon, da garar, da ƙwan zabo, duk ya gudu.

"Ganyen fa?" ta ce.

Na dubi awakin. Akuya ɗaya ta yi kuka.

"Habsu, ki gaya wa mijinki daga yau ba ni da ƙane."

Kada ku ɗauka faɗan kwana biyu ne. Muna gida ɗaya, muna cin tuwon tukunya ɗaya, amma duk abin da za ta ce mini sai ya bi ta bakin innarku, ko da ina tsaye a gabanta. Habsu, ki ce wa mijinki ya tare mini rana. Habsu, ki ce wa mijinki ba da shi nake tari ba. Da farko abin ya ba ni dariya, har ina amsawa ta bakin Habsu ni ma. Dariyar ta ƙare ranar da maƙwabciyarmu Ta-Sallah ta rasu. Aka aiko kiran Yaya da hantsi. Ta ɗauki ƙoƙonta ta zaga bayan ɗaki kamar yadda ƙafarta ta saba, sai da ta yi ido biyu da kututture. Ta juyo ta ɗauki sanda ta nufi daji, rana tana dukan ƙasa. Magaryar da ta fi kusa tana can wajen rugar Filani, tafiya mai nisa ga tsohuwa. Na ɗaura jaki a amalanke na bi ta ina roƙo ta hau. Ba Habsu a wurin, sai ta dubi jakin.

"Jaki, ka gaya wa mai kai ya koma gida."

Ban koma ba. Na bi bayanta a hankali har rugar. Wata Bafillatana ta fito ta kama mata reshe ta tsinkar mata, tana tambaya da Hausarta mai daɗi, "Inna, ina iccenku na gida? Ai da naku aka wanke uwata." Ni kuwa na shiga gyaran igiyar jaki da ba abin da ya same ta. A hanyar dawowa na ga yadda take ta tsayawa tana hutawa a kan sandarta, a karo na farko tsoro ya kama ni. In wani abu ya same ta kafin kututturen nan ya farka fa?

Daga ranar na zama bawan kututture. Na kewaye shi da ƙaya, na zuba toka saboda gara, kowace safiya tulu biyu na ruwa. Ina durƙusawa ina leƙen ɓawonsa har mutane suka fara cewa Illo ya samu abin bauta. Sati uku shiru. Wata safiya ina zuba ruwa sai na ga wani ɗan abu ja-ja ta gefen gabas, kamar kan allura. Na goge ido, ashe uku ne! Na saki tulun ya fashe, na ruga tsakar gida ba takalmi ina ihu.

"Ya yi toho! Habsu, ki gaya wa Yaya ya yi toho! Uku!"

"Ki ce masa na ji," in ji Yaya daga cikin ɗaki. "Ki ce masa kuma tulun nawa ne."

Da ruwan farko ya sauka tohon suka miƙe, kafin wata guda sun kai kaurin yatsa. Lokacin aure ya yi. Na sa riga mai kyau na fita tasha da sassafe, masu shayi suka tambaye ni ina zuwa da wannan kwalliya. Shaiɗanin bakina ya riga ni. Na ce Gidan Rumji za ni, ɗauko amarya, yau da yamma za a ɗaura a gidana, kowa ya zo. Na shige mota na bar su da baki buɗe. A garkar Mamman ya yanko mini sanduna uku, kowace ba ta wuce tsawon yatsa ba, ya tsige ganyensu, ya nuna mini aikin: a fere gindin sandar kamar bakin gatari, a yanke kan toho a tsaga shi, a cusa, a naɗe da leda tam.

"Ka lura da ido, bawana. Ga shi nan ɗan ƙarami, ido shi dubi sama. Sake gani."

"Na gane tun kafin ka buɗe baki. Abin da kai ka iya ai ba ya wuya."

Ya naɗe su cikin jiƙaƙƙen buhu ya ce kada su bushe. Haka na rungumo su a cinya tun daga can har Maradi, daga Maradi har Gazawa, duk inda mota ta tsaya sai in sayi ruwan leda in yayyafa musu. Wani da ke kusa da ni ya tambaya ko maciji ne, na ce amarya ce, ya matsa.

Da na sauka na hango ƙofar gidana cike. An shimfiɗa tabarmi, wani maroƙi da ban gayyata ba yana ta zuba mini kirari. Innarku tana zaune a zaure tana tsince wake abinta.

"Malam, sannu da hanya. Sun ce ka tafi ɗauko amarya. Na ce musu duk wadda ta yarda da kai ku kawo ta, ni zan raka ta likita a duba mata kai."

Na ce kowa ya biyo ni. Muka zaga baya, maza da mata, na durƙusa na kwance buhun a hankali na ɗaga 'yan sanduna uku sama. Wurin ya fashe da shewa. Wani tsoho ya yi dariya har sai da aka riƙe shi. Maroƙin bai ko ja numfashi ba ya juya kirarin kan sandunan. Ni kuwa kaina ya kumbura. Tun da safe innarku ta ja kunnena cewa in bar toho ɗaya yadda yake saboda Yaya, na kuma ce to. Amma ga jama'a, ga kirari, ga wuƙa a hannuna. Na yanke na farko, na yanke na biyu, ban farga ba sai da na ga kan na uku a ƙasa. Na fere, na cusa, na ɗaure, aka shafa fatiha ana dariya. Innarku ta tsince ganyen da ya zuba ta kai wa Yaya. Yaya ta auna shi a tafin hannu.

"Ki ce masa wannan ko kan jariri ba zai wanke ba."

Bayan kwana goma, biyu daga cikin sandunan suka yi baƙi, tohon da ke ƙarƙashinsu ma ya bi su ya bushe har gindi. Na kira Mamman a salula ina zarginsa da ba ni matattu. Ya ce in je in duba idon. Na duba. Ya ce ina ya duba? Na ce ƙasa. Dariyar da ya yi sai da na janye wayar daga kunnena.

"Ka kai amare ɗaki ƙafafu sama! Biyu! Ta ukun ma Allah ne ya juya maka hannu."

Haka ne kuwa. Ta ukun ta kama, ba da wayona ba. Idonta ya fashe ya fitar da ganye, ta shiga tsawo kamar ana jan ta, kafin kaka ta wuce kaina. Amma kututturen bai ƙara fitar da toho ko ɗaya ba, ƙarfinsa ya ƙare. Duk ganyen da ke bayan gidan nan yanzu na baƙuwa ne, fatsa-fatsa, masu sheƙi. Yaya ta aiko Habsu ta gaya mini wannan ba magaryar Baba ba ce. Na aika mata cewa saiwar ta Baba ce, duk ruwan da baƙuwar ke sha ta jikin iccen Baba yake bi. Na je har wurin liman, ya ce magarya dai magarya ce. Na kawo amsar ina murna.

"Ki tambaye shi," in ji Yaya, "liman ya taɓa wanke mace?"

Cikin kakar nan zazzaɓi ya kwantar da ita kwana tara. Ban shiga gona ba, ina zaune bakin ƙofarta ina jin numfashinta, ina kallon reshen nan da na jawo mana. A rana ta goma ta fito, ta rame, tana dafa bango. Ba ta dube ni ba. Ta je gaban baƙuwar ta tsinki ganye cike da hannu, ta sa Habsu ta kawo ƙaramin turmi da ƙwaryar ruwa. Ta zauna a ƙasa ta daka da kanta, tana hutawa tana ci gaba. Ta gaya wa Habsu cewa ita ba ta san wani ƙwan zabo ba, abin da ta sani shi ne ganyen magaryar ƙwarai in an daka shi an kaɗa a ruwa yana kumfa, yana santsi a hannu, shi ke fitar da dauɗa. In bai yi ba, ciyawa ce, a tuge ta. Ta zuba dakakken a ƙwarya ta sa hannu ta fara kaɗawa. Na matso har ina jin ƙamshin ɗanyen ganye. Ruwan ya yi kore, ba komai. Ta ci gaba. Na ƙura wa ƙwaryar ido. Sai ga wani fari-fari a bakin ƙwaryar, ya taru, ya hau, ya rufe mata yatsu har wuyan hannu. Ta murza shi, ta kai hanci ta shaƙa, ta sake murzawa. Sannan ta ɗago kai ta dube ni, ni kaina, ido cikin ido, bayan wata shida.

"Ya yi kumfa," ta ce. "Saura a gwada. Illo, zo ka kwanta."

Na kuwa kwanta, nan a ƙasa, na miƙe ƙafafu na rufe ido. Ta kwara mini ƙwaryar gaba ɗaya a fuska. Innarku ta yi dariya har ta zauna cikin turmin.

Yaya ta ƙara shekara biyar a duniya. Ta ci 'ya'yan baƙuwar, tana kankara da cokali don ba haƙora, kullum tana cewa ruwa ne kawai, ba su kama ƙafar ƙananan ba. Mata goma sha ɗaya ta wanke da ganyen, ina ƙirgawa. Ranar da nata wankan ya zo, da hantsi ne, innarku ta je tsinka ta tarar rassan sun fi ƙarfin hannunta. Ta kira ni. Na kamo mafi ganye na tanƙwaro mata, na riƙe har ta gama.